Dokin da ɗingishi ke yawan dawo masa: fashin baƙi kan mugunyar kofato

A Adar, yankin Tawa a Nijar, daga tsakiyar damina har zuwa kaka, akwai koken da ba ya yankewa a bakin masu dawaki. Doki ya kwana lafiya, gari na wayewa ya ƙi taka ƙafa ɗaya. A kira mai allura ya yi tasa, a shafa abin da aka saba shafawa, bayan kwana huɗu ko biyar dokin ya miƙe kamar ba shi ba. A yi wata ɗaya ko biyu, sai ga shi ya koma tsayuwa da ƙafa uku. Mai dokin ya ce ciwon ya dawo. Sau da yawa ciwon bai je ko'ina ba, mugunyar ce kawai ta samu hanya ta tsiyaye, ƙofar da ta shigo da ita kuwa tana nan a buɗe. Doki kan yi ƙurjin kofato sau ɗaya don ya taka ƙaya ko ƙusa, wannan tsautsayi ne. Wanda yake yi yana maimaitawa kuwa, ruwa ba ya tsami banza.

Kafin a gane ciwon sai an gane kofaton. Wanda ke kallonsa daga waje zai ɗauka dunƙulen ƙaho ne, alhali gida ne mai rai a ciki. Akwai bangon da ake gani yana zagaye ƙafar, akwai tafin da ke kallon ƙasa, akwai tsokar nan mai kusurwa uku a tsakiyar tafin wajen dunduniya. A can ciki kuma akwai ƙashi, ƙashin ƙarshe na ƙafar doki. Wannan ƙashi a rataye yake jikin bangon, abin da ya riƙe shi kuwa wata saƙa ce ta siraran ganyayyaki kusan 600 a kowane kofato, na bango suna shiga tsakanin na nama, kowane ganye da wasu ƙanana fiye da ɗari a jikinsa. Nauyin doki duka a kan wannan saƙa yake, kuma ƙafafun gaba su ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin, shi ya sa ɗingishi ya fi yawa a gaba. In ka ɗaga kofato ka kankare shi da kyau, za ka ga wani siririn layi mai ɗan haske yana bin zagaye, daidai inda bango ya haɗu da tafi. Shi ne ƙarshen saƙar nan da ya sauko ƙasa. Ana ce masa farin layi, ko da yake ruwan ƙwai-ƙwai ne a ido. A duk kofato babu wuri mai taushi da saurin buɗewa kamarsa, kuma ta nan yawancin ƙwayoyin cuta ke kutsawa.

Da zarar ƙwayoyin cuta sun wuce ƙahon sun taɓa naman ciki, jiki zai tura musu dakarunsa, mugunya ta fara taruwa. A wani sashe na jiki fata takan miƙe ta ba kumburi wuri. Kofato ba ya miƙewa. Mugunyar da ba ta cika cokalin shayi ba ta isa ta hana ingarma taka ƙasa, don matsi ne ke kawo zafin, ba yawan ruwan ba. Duk wanda ya taɓa kwana da ɗan karkare a yatsa, yana jin bugun zuciyarsa a ƙarƙashin farce, ya san abin da dokin ke ji, sai dai shi doki a kan yatsar yake tsaye. Wannan ne dalilin da ya sa ƙurjin kofato ke kama da karaya, har hankalin mai doki ya tashi. In ba a buɗe wa mugunyar hanya ta ƙasa ba, ita za ta nemi tata. Takan bi ta ƙarƙashin bango ta hau sama, ta fashe a bakin gashi, inda fata ta ƙare kofato ya fara, ko ta ɓullo ta dunduniya. Ranar da ta fashe dokin ke samun sauƙi, ranar ce kuma mai allura ke samun yabon da ba nasa ba.

Gane ciwon aikin hannu ne kafin na ido. Ka tsuguna da sassafe kafin rana ta gasa ƙasa, ka ɗora tafin hannunka a kan kofaton da ake zargi, sannan ka ɗora a kan ɗan'uwansa. Mai ciwo yakan fi ɗumi. Sai ka zame da yatsunka zuwa bayan idon ƙafa, gefe da gefe, inda jijiyar jini ke ratsawa kusa da fata. A lafiyayyen doki da ƙyar za ka ji bugun jinin nan. A mai ƙurji yana dukan yatsarka sosai. Daga nan a ɗaga ƙafar, a tone duk laka da kashin da suka cushe, a wanke, a bi farin layi da ido ana neman baƙin ɗigo ko ƴar tsaga. Likitocin dabbobi suna da awartaki na musamman da suke matsa tafin da shi daki-daki, daga dunduniya ɗaya a zagaya zuwa ɗayar. Inda babu shi, awartakin maƙeri mai faɗin baki ko ƙwanƙwasa bangon da ƙaramar guduma yana yin aikin. Wurin da dokin ya fizge ƙafa, nan ne. Zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37 da rabi zuwa 38 da rabi, kuma ƙurjin kofato da bai yi nisa ba bai cika kawo zazzaɓi ba. In ga zazzaɓi, ga kumburi ya haura gwiwa, ga doki ya bar ci, to lamarin ya wuce na gida.

In ɗingishin mai sauƙi ne har ana gardamar wace ƙafa ce, a sa yaro ya ja dokin da ragama yana sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo. Doki yana ɗaga kai sa'ad da ƙafar gaba mai ciwo ta taka, yana sauke shi a kan mai lafiya. In ta baya ce, ƙugun ɓangaren mai ciwo ne ke hawa da sauka fiye da ɗayan.

Akwai al'adar da ke damuna ƙwarai, ita ce ɗora wa kafaɗa laifi. Doki na jin zafi a kofato, yana taƙaita taku, yana jan ƙafa, sai masu kallo su ce targaɗe ne a kafaɗa. Za ka ji dattijo yana cewa, "Alhaji, wanga doki kafaɗa ta, a yi mai lalas." A sa ƙarfe a wuta, a zana wa dabba layuka a fata, mugunya kuwa tana can ƙasa tana cin hanyarta. Bayan kwanaki ta fashe da kanta, a ce lalas ya yi aiki. Ka duba dawakin da ke fitowa hawan Salla, ka ƙirga masu tabon wuta a kafaɗa, ka tambayi kanka nawa ne daga cikinsu aka ɗaga wa kofato kafin a hura garwashi. Yawancin ɗingishin ƙafar gaba daga gwiwa zuwa ƙasa yake, kuma kofato ne kan gaba. Likita yana da hanyar raba gardama: ya yi ƴar allurar kashe zafi a jijiyoyin da ke shiga kofato, a jira minti goma, a sake jan dokin. In ya taka daidai, ciwon na cikin kofato, magana ta ƙare.

Maganin ƙurjin kansa ba shi da wuya, wuƙa ce da haƙuri. Mai yankan kofato ko likita zai bi baƙin ɗigon nan da ƙaramar wuƙa mai lanƙwasasshen baki, yana fere ƙahon kaɗan-kaɗan ta gefen farin layi. Wani lokaci ɗigon ya ɓace bayan yanka biyu, a koma wani. Wani lokaci kuma ya yi ta zurfi, ƙahon ya fara danshi, sai ka ga wani ruwa baƙi-baƙi ko toka-toka ya ɓullo, siriri, mai wari. Mugunyar kofato ba fara ba ce kamar ta maruru, shi ya sa wasu ke ganinta su ɗauka laka ce. Kana tsaye za ka ga dokin ya saki numfashi, in aka ajiye ƙafar ya fara gwada dunduniya a ƙasa. Ramin da ake buƙata ƙarami ne, wanda bai fi kan fensir ba. A nan ne masu zafin hannu ke ɓarna: su rarake rabin tafin suna neman mugunya, su taɓo nama, jini ya ɓalle, naman ya bulluƙo ta ramin ya zama sabon ciwo mai ɗaukar watanni. Garin gyaran gira a rasa ido. In an bi layin ba a samu ba, a tsaya, a jiƙa ƙafar, gobe a sake dubawa.

Jiƙon shi ne ruwan ɗumi da gishirin Epsom, wanda ake samu a farmasi da sunan sulfat na magneziyom, in babu shi gishirin miya ma ya yi. A sa ƙafar a roba mai faɗi, ruwan ya rufe bakin gashi, a yi minti goma sha biyar zuwa ashirin, sau ɗaya ko biyu a rana. Kwana biyu zuwa uku sun isa, in aka zarce kofaton ya yi laushi ya buɗe wa wata cutar hanya. Bayan an tsane, a cusa wa ramin auduga da Bétadine, maganin wanke rauni, ko a kwaɓa sukari da Bétadine ya yi kauri a liƙa, a naɗe da tsumma mai tsabta ko kunzugun jarirai na kanti, a rufe da guntun buhu ko tsohuwar robar cikin taya. Ɗaurin ya tsaya a kan ƙahon, kada a tamke igiya ko roba a kan fatar da ke sama, don tana tsayar da jini. A canza kullum, a ajiye dokin a busasshen yashi. Baƙin mai, kananzir, man fetur da ruwan batir ba su da wurin zama a nan, ƙona naman da ake so ya warke kawai suke yi.

Allurar kashe ƙwayoyin cuta kuwa, wadda ita ce abin da aka fi gaggawar saye, ba ta fitar da mugunya. Jini ne ke kai magani, jini kuwa ba ya shiga cikin tarin mugunyar da ke kulle tsakanin ƙaho da nama. Abin da allurar kan yi shi ne ta lafar da ciwon, dokin ya ɗan taka, a zare ɗauri a ɗora sirdi, bayan mako biyu abin ya taso. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ga kuma haɗarin jar allurar nan ta shanu, oksitetrasiklin mai daɗewa a jiki, da ake dannawa doki a wuya. An haɗa ta ne don shanu da awaki, a doki takan kumbura wurin da aka soka, tana kuma iya tayar masa da zawo mai kisa. Deksametazon shi ma yana ɓoye zafi ya raunana garkuwar jiki, kuma a dokin da saƙar kofatonsa ke da rauni ba abin wasa ba ne. Maganin zafi irin fenilbutazon yana da amfani, don dabba ba ta cancanci a bar ta cikin azaba ba, amma likita ne zai auna shi da nauyin dokin, na ƴan kwanaki. Yawansa yana cin ciki ya taɓa ƙoda, musamman a watannin bazara da zafi ke haura digiri 40 a Tawa, dokin kuma bai sha ruwa ya ƙoshi ba. Akwai inda maganin ƙwayoyin cuta ya zama dole, wato in ciwon ya kai ga ƙashi ko gaɓa, ko kumburi ya hau ƙafa da zazzaɓi. Wannan hukuncin likita ne, ba na mai tebur a kasuwa ba.

Allurar da ya kamata a yi gaggawarta ita ce aka fi mantawa, ta tetanos. Ƙwayar wannan cuta tana zaune a ƙasa da cikin kashin doki, tana son rami mai zurfi da iska ba ta shiga, kuma doki yana cikin dabbobin da ta fi kayarwa. Mako ɗaya zuwa uku bayan raunin, sai a ga ya sandare, kunnuwa a tsaye, wutsiya a ɗage, haƙora sun sarƙe, wata farar fata tana rufo ido in aka taɓa fuskarsa. Yawancin waɗanda suka kai nan ba sa tashi. Dokin da ba a taɓa yi wa rigakafi ba yana buƙatar allurar kariya ta gaggawa a ranar da aka buɗe kofaton, wadda ke tsare shi mako biyu zuwa uku. Rigakafi na sosai allura biyu ne, tsakaninsu wata ɗaya zuwa mako shida, sannan a riƙa sabuntawa.

Ƙusa ko waya da ta shiga ta tsakiyar tsokar tafi ta fita daga sahun ƙurji na yau da kullum. A ƙarƙashin wurin akwai babbar jijiyar da ke lanƙwasa ƙafa, da wata ƴar jaka mai ruwa, da gaɓar ƙarshe. In ƙarfe ya kai can, sa'o'i ake ƙirgawa. In likita na kusa, a bar ƙusar a wurinta a hana dokin takawa har ya gani. In dole ce a zare, a lura da daidai inda ta shiga, da zurfin da ta yi, da inda ta dosa, a ajiye ta a nuna masa.

To, an buɗe, an wanke, an ɗaure. Ƙurjin da ba shi da wani abu a bayansa yakan saki doki cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ruwan ya tsaya cikin ƴan kwanaki, ramin ya bushe ya fara cikowa. In an wuce kwana uku dokin bai taka ba, ko an yi mako ramin na tsatsa, ko ya warke ya dawo, tambayar da za a fara yi ita ce: a ƙafa ɗaya da wuri ɗaya yake dawowa, ko yawo yake yi daga wannan ƙafa zuwa waccan? Amsar tana raba hanya biyu.

In wuri ɗaya ne, akwai abin da ya rage a ciki. Wataƙila ramin ya rufe da wuri ya kulle sauran mugunya. Wataƙila tsinin ƙayar aduwa ko ta bagaruwa ya karye a can, ita kuwa ƙaya ba ta ruɓewa da sauri kuma ba ta fitowa a hoton ƙashi yadda ƙarfe ke fitowa. Wataƙila tsaga ce a bango da ke buɗewa duk sa'ad da dokin ya taka. Mafi tsanani shi ne cutar ta taɓa gefen ƙashin ciki, wani ɓangare ya mutu ya ɓalle. Muddin mataccen guntun nan na ciki, jiki zai yi ta tura masa mugunya, ko da an yi allura ɗari, sai an buɗe an cire shi. Akwai kuma wani ƙari na ƙaho, keratoma, da ke tsirowa tsakanin bango da ƙashi. Ba ciwon daji ba ne, amma yana danne ƙashin yana buɗe hanyar cuta, alamarsa ita ce farin layi ya lanƙwaso ciki a wuri ɗaya, ƙurji kuma ya yi ta fitowa daidai nan. Waɗannan biyun hoton ƙashi ne ke tabbatar da su, aikin tiyata ne ke raba doki da su. Dokin da ya yi ƙurji sau uku a gurbi ɗaya ya cancanci a ɗauke shi a mota a kai shi inda za a yi hoton.

In kuwa yawo yake yi, sai a waiwayi turke. Ruwan da ke sauka a Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, amma yana zubowa ne cikin ƴan watanni, bayan kofato ya yi wata takwas yana bushewa yana ƙanƙancewa. Ruwan farko ya kumbura shi, rana ta sake busar da shi, farin layi ya yi ta buɗewa yana rufewa, tsakuwa da laka suna shiga. Dokin da ya kwana a lakar fadama ya wuni yana taka duwatsun tudun Adar da tafi mai laushi yana samun ƙujewa ta ciki, jini ya kwanta, jinin nan ya zama abincin ƙwayoyin cuta. Duk da haka damina ba ta kai turke laifi ba. Dokin da ke ɗaure a turke ɗaya shekara da shekaru yana haƙa wa kansa kwari da ƙafafunsa, fitsari ya taru a ciki, kashi ya narke, ya zama rani da damina a cikin danshi yake tsaye. Fitsarin da ya kwana yana cin ƙaho. Ka ɗaga kofaton irin wannan doki za ka tarar da tsokar tsakiya ta yi baƙi tana wari tana ɓarɓashewa. Gyaran wannan ba ya cin ko dala: a cike kwarin, a tayar da wurin ya fi kewayensa tudu, a zuba yashi, a kwashe kashi safe da yamma, a sauya wa turken wuri in ya jiƙe, a kuma tone kofato huɗu kullum kafin a ba da abinci.

Yankan kofato shi ne na biyu. Kofato yana girma milimita 6 zuwa 10 a wata. Dokin da ke tafiya kullum a ƙasa mai tauri yana cinye nasa, amma na turke da ba ya fita sai ranar kilisa nasa tsawo yake yi. Gaban kofato in ya yi tsawo, duk taku yana ɓamɓaro bango daga tafi, farin layi ya faɗaɗa ya zama aljihun tsakuwa. Kowane mako shida zuwa takwas ya kamata a gyara shi, a rage gaba, a daidaita gefe da gefe, a goge bakin. Tafin kuwa a bar masa kaurinsa, don wanda aka fere shi har yana lotsawa in an danna da babban yatsa ba zai jure dutse ba.

Sai babban dalilin da aka fi kawar wa kai, kumburin saƙar kofato, wanda likitocinmu ke rubutawa fourbure a takarda. Saƙar da ke riƙe da ƙashi ce ke kumbura ta yi rauni, ƙashin ya fara rabuwa da bango, tsininsa ya karkato ƙasa yana danna tafi. Mai tsanani ba ya ɓuya: doki ya miƙa ƙafafun gaba, ya jingina nauyi a baya, kofato biyu suna zafi lokaci guda, juyawa ta gagare shi. Mai sauƙin ne ke wucewa ba a sani ba, a ce gajiya ce, ya bar saƙar a yage. Daga nan kofaton ya zama gidan ƙurji, yau dama gobe hagu. Shaidarsa tana rubuce a jikin bango. Za ka ga zobba-zobba suna zagaye shi, a matse ta gaba, a buɗe ta dunduniya. Gaban bangon ya lotsa ciki, tafin ya baje ko ya turo ƙasa, farin layin da bai kamata ya wuce ƴan milimita ba ya yi faɗi ta gaba, wani lokaci da ɗigon tsohon jini a ciki.

Abin da ke kawo shi yawanci a akushin dokin yake. Salla ta matso ko sukuwa, ana son doki ya cika ido, sai a tashi daga ɗan abin da ya saba a zuba masa tiyar hatsi ko dawa a zama ɗaya, tiya kuwa ta kai kilo biyu da rabi. Ƙaramin hanjin doki ba ya iya narkar da wannan yawa. Ragowar ta wuce babban hanji ta yi tsami, ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa su mutu, guba ta shiga jini, bayan kwana ɗaya zuwa biyu kofato ya ɗau zafi. Haka in ya kwance da dare ya faɗa wa buhu. Ɗaya hanyar a hankali take zuwa: dokin da ake ƙosarwa ba ya aiki, wuyansa ya yi tozo mai tauri, kitse ya taru a gindin wutsiya. Jikinsa yana tara sinadarin insulin fiye da kima, shi kuma yana lalata saƙar ba tare da an ga ranar da abin ya fara ba. Mu nan ƙibar doki abin alfahari ce, na san da haka, amma tozon wuyan nan da ake shafawa ana yabo shi ne alamar haɗari ta farko. Goɗiyar da mahaifa ta maƙale mata bayan haihuwa ita ma tana iya kamuwa. Tushen abincin doki ciyawa ce da harawa, aƙalla kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyinsa a rana, wato kilo huɗu da rabi na busasshiya ga doki mai kilo 300. Hatsi ƙari ne gwargwadon aiki, a raba shi sau biyu ko uku, a kuma ɗauki mako ɗaya zuwa biyu ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In an san doki ya ci hatsi ya wuce kima, kada a jira ɗingishi. A kira likita, a tsoma ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara har ƙwauri, a yi ta sabunta ƙanƙarar kwana biyu zuwa uku, a tsayar da shi a yashi mai laushi, kada a tilasta masa tafiya. Ruwan ɗumi na ƙurji ne, wannan sanyi yake so.

Saƙar tana iya sakewa ta wata hanya kuma, in doki ya daɗe yana ɗora nauyi a ƙafa ɗaya don ƴar'uwarta na ciwo. Barbaro, dokin da ya ci gasar Kentucky Derby a Amurka a 2006, ya karye a ƙafar baya ta dama mako biyu bayan nasararsa. Likitocin jami'ar Pennsylvania sun ɗora ƙashin, amma ƙafar hagu da ta ɗauki nauyin ta kamu da kumburin saƙa, daga baya ƙurji mai zurfi ya fito a ta daman, aka kashe shi don a hutar da shi a watan Janairun 2007. Duk mai barin doki mako biyu a kan ƙafa uku yana jiran ƙurji ya fashe da kansa, ya sani lafiyayyar ƙafar yake caca da ita.

Tsohon doki yana da nasa dalilin. Wani bincike da aka yi a Ostareliya ya gano kusan ɗaya cikin biyar na dawakin da suka kai shekara 15 suna da cutar wata ƴar halitta da ke gindin ƙwaƙwalwa, wadda ake kira cutar Cushing. Gashin dokin ya yi tsawo ya ƙi zuba bayan hunturu, naman bayansa ya zube ciki ya sauko, ya yi ta shan ruwa yana fitsari, miki ya ƙi warkewa, kofato ya yi ta ƙurji. Gwajin jini ne ke tabbatarwa, maganinta pergolide ne, ana ba da shi kullum har ƙarshen rayuwa. Ko inda ba a kai ga maganin ba, sanin dalilin yana sa a rage hatsi, a matso da lokacin yankan kofato, a daina ɗora wa dabbar abin da ba za ta iya ba.

Bayan ƙurji ya warke, kada a yi saurin ɗora sirdi. A jira ramin ya bushe ya yi tauri, dokin ya yi sassarfa a ƙasa mai tauri ba tare da gyaɗa kai ba, a fara da tafiya a yashi. In ta bakin gashi ya fashe, zai bar ƴar tsaga a kwance jikin bango, wadda za ta yi ta saukowa yayin da kofato ke girma. Daga bakin gashi zuwa ƙasa ta gaba tafiyar wata tara zuwa shekara ce, ta dunduniya kuwa wata huɗu zuwa biyar. Sa'ad da tsagar ta kusa ƙasa bangon yakan ɓalle a wurin, don haka a gaya wa mai yanka ya rage shi tun kafin ya tsage. Ya kamata kuma kowane mai doki ya riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo, da ƙafar, da gurbin, da abin da dokin ya ci a makon, ko ya ɗauki hoton tafin da waya duk lokacin da aka buɗe. Likitan da aka nuna wa hotuna uku na gurbi ɗaya ya san hoton ƙashi zai nema, wanda aka nuna wa na ƙafafu daban-daban kuma zai tambayi turke da tiya.